Darasi na 7: Tsara Ɗaki Daidai da Mai Shi

Mutanen Zazzau ba baƙin ado ba ne. Duk wanda ya ratsa cikin birni daga Ƙofar Doka zuwa fada zai ga tsofaffin zauruka masu zanko, fuskar bangonsu cike da zane: nan dagi, can takobi, wani gidan har da keke. Magina ne kan fitar da zanen da hannu tun laka tana ɗanya. A garin nan ne Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Abin lura shi ne da wuya ki ga gida biyu masu zane iri ɗaya. Kowa da abin da ransa yake so.

Yau kuwa sai ki shiga ɗaki biyar a layi ɗaya ki tarar da kujeru iri guda da labule iri guda, don kawai an gani a wajen amarya ko a waya. Wata ma bashi ta ci. Wannan abu yana damuna, domin ɗakin naki ne, ke za ki wuni a ciki ki kwana a ciki.

Kafin ki sayi komai, zauna a bakin ƙofa ki dubi ɗakin da kyau. Me ake yi a cikinsa? Idan a nan yara suke cin abinci da bitar karatu, fili kike buƙata fiye da kujera. Idan kina ɗinkin hula ko saƙa, wajen taga naki ne, kada sif ya tare shi. Sannan ki ware gurbin shimfiɗa sallaya, inda ba za a riƙa gittawa ta gabanki ba.

Sai awo. Ari tef wajen tela, ki auna tsawo da faɗi, ki rubuta a littafinki. A ce ɗakin ƙafa 12 ne ta kowane ɓangare. 12 sau 12 ya ba da 144. Gado mai ƙafa 6 da 6 zai ci 36, wato kashi ɗaya cikin huɗu na ɗakin ya tafi ke nan, tun ba a kawo sif da madubi ba. Wadda ta yi wannan lissafi ba za ta yarda kafinta ya haɗa mata saitin kujerun da sai an karkace kafin a wuce ba. Kujera ɗaya mai zaman mutum biyu da tumtum biyu na fata sun wadatar.

Zaɓen launi shi ne inda aka fi rikicewa, alhali amsar tana cikin akwatinki. Ɗauko atamfar da kika fi so, wadda in kin ɗaura kike jin daɗin ranki. Shimfiɗa ta a kan gado. Wataƙila ƙasanta ruwan madara ne, furenta ruwan goro, da ɗan ratsin kore. To, launin da ya fi haske shi za a ba bango. Na biyun ya tafi labule da zanin gado. Na ukun kaɗan ake so, a rigar filo ko a darduma. Kada su wuce uku. Bango mai duhu yana ƙuntata ɗaki, ya kuma sa a kunna fitila da rana tsaka. Wadda ba ta da halin fenti, farar ƙasa tana nan, kuma tana ba ɗaki haske sosai.

A tuna da yanayin garinmu. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, saboda haka leda da ake gogewa da tsumma ta fi kafet mai gashi sauƙin kula, musamman a gidan da ake da mai asma. Da damina kuma, a janye sif daga jikin bango kamar faɗin tafin hannu, don kada danshi ya sa kaya su yi fumfuna. Labule ya zama wanda za ki iya wankewa da kanki. Tagar ƙafa 4 tana son ƙyalle mai faɗin ƙafa 6 zuwa 8, wato yadi biyu ko fiye da haka, don ya yi tattara mai kyau.

Game da jere, iyayenmu sun iya shi, daga zamanin ƙwarya da tasa har zuwa langa da samira. Ba sai kin fito da komai ba. Zaɓi 'yan kwanukan da suke da daraja a wajenki, kamar tasar da kika gada wajen kakarki, ki ba su wuri a kabad inda ido zai same su. Faifai uku masu launi da aka kafa a bango suna ƙawata ɗaki, kuma kuɗinsu bai kai na hoton kanti ba.

Sayayya a bi ta sannu. Wannan kwasar adashen a yi bango, mai zuwa a yi labule. Ranar shiga kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada, tafi da awonki a rubuce da ɗan ƙyallen atamfar nan a jaka, ki kara shi da yadin kafin a yanka.

Aikin gida: auna ɗakinki da tagarki, ki rubuta lambobin. A ƙasansu rubuta sunayen launuka uku da kika zaɓa, da inda kowanne zai zauna. Ki zo da littafin ranar darasi na gaba, za mu duba lissafin tare.