Yadda na kai kwantenar Docker a filash ba tare da data ba

Jiya na je wani shago a Kantin Kwari zan ɗora musu manhajar lissafin kaya a sabuwar kwamfuta, netwok ɗin wurin kuwa ba a magana, balle a ce za a sauke abu mai giga 2. Manhajar tana cikin kwantenar Docker ne, wato ƙunshin da ke ɗauke da manhaja da duk abin da take buƙata don ta yi aiki. Shi ya sa na yi docker export a laftof ɗina na fitar da kwantenar na zuba a filash, can na yi docker import na shigar da ita, ina tayar da ita sai ta ce wai no command specified, wato ba a ba ta umarnin tashi ba. Wallahi raina ya ɓaci, ga Alhaji yana ta tambaya, "Malam, an gama kuwa?"

Ashe export fayilolin cikin kwantena kawai yake kwashewa, umarnin tashi da saitin ENV (saitunan da manhaja ke karantawa idan za ta tashi) duk watsar da su yake yi. Sai na koma na yi docker commit kwantenar ta zama imej, wato samfurin da ake tayar da kwantena daga gare shi, sannan docker save -o kaya.tar kaya:v1, a kwamfutarsu kuma docker load -i kaya.tar, ina yin docker run ta tashi lafiya lau da sunanta da komai.

Amma fa bayanan cikin volume, wato ma'ajiyar da kwantena ke ajiye bayananta a wajenta, ba sa biyowa ko kaɗan, su sai da na dunƙule su daban da tar, manhajar haɗa fayiloli wuri guda, na kwafa. Kafin la'asar yaran shago sun fara shigar da atamfofi.