Matakan zaɓen dodannin wasan tebur da kuɗi kaɗan

Kafin ka taɓa aljihu, zauna da labarin da za ku buga a zama uku masu zuwa, ka rubuta dodannin da za su fito, wato waɗanda za ka sayi ƙananan mutum-mutuminsu don ɗorawa a kan taswirar wasa. Masu zuwa gungu-gungu, irin su ƙwarangwal da kyarketai, su suka cancanci kuɗinka, don kullum za ka ɗauko su.

Sai awo. A wasan Dungeons & Dragons, wasan tebur da ake buga labari a cikinsa, kowane gida a taswira inci 1 ne. Dodo mai girman mutum yana tsayawa kan gindi mai faɗin milimita 25, babba kuwa 50. Yanka kwali biyu a wannan girman ka tafi da su.

Daga nan ka nufi kasuwar Wuse, wajen masu kayan wasan yara. Gizo-gizo, kunamu da macizan roba ana sayar da su cikin leda, kuma suna cika tebur da tsoro yadda ya kamata. Ɗora kowanne kan kwalinka. Wanda ya wuce gefe, kada ka saye shi. Duba ƙafafu sosai, mai siraran ƙafafu kifewa yake yi ana tsakiyar faɗa.

In za ka yi odar waje, na roba irin Reaper Bones sun fi na ƙarfe sauƙin kuɗi. Ku haɗa oda ɗaya da abokan wasa, ku raba kuɗin aikowa. Takobin da ya iso a lanƙwashe, tsoma shi a ruwan zafi, ka miƙe shi, ka saka a ruwan sanyi.

Babban dodon da zai fito sau ɗaya, buga hotonsa ka manna a kwali.