Yadda Cibiyar Lafiya Za Ta Ci Moriyar Tallafin Ƙasashen Waje Kan Ƙanjamau da Tunjere

Yawancin magungunan ƙanjamau da ake rabawa kyauta a ƙasashe matalauta da tallafin waje ake sayen su, musamman daga asusun Global Fund da aka kafa a 2002 da shirin PEPFAR na Amurka da ya fara a 2003. Matsalar ita ce kuɗin yakan zo da sunan cuta ɗaya, alhali mai ƙanjamau sau da yawa yana ɗauke da tunjere ko ciwon sanyi. Don haka a fara da haɗe gwajin.

Duk mai ciki a yi mata gwajin nan take mai gano HIV da tunjere da ɗigon jini ɗaya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a 2019. Idan tunjere ya fito, a yi mata allurar benzathine penicillin ma'auni miliyan 2.4 a ranar; in ba a san lokacin da ta kamu ba, allura uku ce, mako-mako. A nan ake yawan tuntuɓe. Kayan gwaji su iso, allurar babu, domin tana da arha ƙwarai har kamfanoni kaɗan ne ke sarrafa ta. A sa ta cikin jerin buƙatu tun farko, a kuma kira mijin a yi masa magani, in ba haka ba matar za ta sake kamuwa.

Wanda aka tabbatar yana da HIV a fara ba shi TLD cikin mako guda: tenofovir 300mg, lamivudine 300mg da dolutegravir 50mg a ƙwaya ɗaya kullum. Mai shan rifampicin saboda tarin fuka a ƙara masa dolutegravir 50mg bayan awa 12, domin rifampicin na rage ƙarfinsa a jini. A auna yawan ƙwayar cutar a wata na 6, da na 12, sannan shekara-shekara. Idan ya haura 1,000 a kowace mililita ta jini, a binciki yadda yake shan magani kafin a yi maganar canza shi.

Sai lissafin sito, wanda mutane ke rainawa. A ɗauki abin da aka raba cikin wata uku, a raba uku don sanin abin da ake buƙata a wata, a gyara adadin idan akwai ranakun da magani ya yanke, domin rahoton da ya nuna ƙarancin amfani zai jawo ƙarancin kaya. A fara fitar da wanda wa'adinsa ya fi kusa. Dakatar da tallafin Amurka a Janairun 2025 ya nuna haɗarin dogaro da hanya ɗaya, saboda haka a riƙa ba masu lafiyar da ta daidaita maganin wata uku zuwa shida, kuma rajistar marasa lafiya ta kasance a hannun ma'aikatar lafiya ta ƙasa.