Abin da ke sa fayil ɗin majinyaci ya kwana a buɗe a kwamfuta

Tun muna jibgar fayil na takarda nake ɗakin kati na asibiti, har aka kawo mana kwamfuta. Duk sabon likita ko nas da na tambaya me ya hana shi rufe fayil, wato ya kammala bayanin majinyaci ya sa hannu, amsar ba ta wuce "babu netwok" ko "an ɗauke wuta". Ana ɗaukewa kam, ban musa ba. Amma yawancin fayilolin da ke kwana a buɗe, da wuta da netwok aka bar su.

Bari in fara da laifinmu, mu masu yanka kati. Buɗe wa mutum ɗaya kati biyu. Wata baiwar Allah ta zo ba ta da katinta, layi ya kai bakin ƙofa, na buga Aisha ban gani ba, sai kawai na buɗe sabo. Ashe A'isha aka rubuta a tsohon. Sakamakon gwajin jininta ya faɗa tsohon kati, bayanin likita yana sabo. Likita ya ce ba zai rufe ba sai ya ga sakamako, 'yan ɗakin gwaji suka rantse sun tura. Aka yi mako ana jifan juna da laifi, takardar biyan kuɗinta na inshorar lafiya ta NHIA ta maƙale, ni kuma na sha takardar neman ba'asi. Tun daga ranar, da lambar waya nake fara nema, sannan suna ta kowace siga: Muhammad, Mohammed, Muh'd. Ko layi zai kai titi.

Sai ku likitoci masu "zan cika anjima". Haba likita! Kana zagayen duba marasa lafiya kana rubutu a guntuwar takarda kana cusawa a aljihu, ka sallami mutum ranar Juma'a ka ce sai an sauko daga masallaci. Litinin ta yi, takardar ta bi riga wajen wanki, kai kuma an mayar da kai wani sashe. Wa zai tuna maganin da aka canza wa majinyacin? Ni dai ba na sakin takardar sallama sai na ga bayanin a kwamfuta, ko da za a ce na cika tsauri. An ma faɗa.

Akwai kuma aron kalmar sirri ta shiga kwamfuta: ka yi rubutu da sunan wani, ranar sa hannu shi ya ce bai san zancen ba.

A kwamfuta, maɓallin adanawa daban, na sa hannu daban. Da yawa suna danna na farko su tashi.

Rubuta "zazzaɓi" kawai ba tare da lambar cuta ta ICD-10 (tsarin lambobin cututtuka na duniya) ba, fayil zai dawo maka, rahoton wata na DHIS2 (manhajar tattara alƙaluman lafiya) ma ya tsaya jiranka.

In kuwa da gaske wutar ta tafi, a cika fom na takarda da lambar kati da lokaci, a shigar da shi kafin a miƙa aiki ga mai karɓa.