Yadda za ka zagaya ƙasar rake a Moris ba tare da ka kurɓi barasa ba

Wanda ya taɓa bi ta Maƙarfi da hunturu, lokacin da ake dafa mazarƙwaila, ya san wani ƙamshi da ba ya barin hanci: ruwan rake na tafasa a babban kasko, yana kumfa, yana rikiɗa ja. Ƙamshin nan ne ya tarbe ni a tsibirin Mauritius, wanda mutanensa ke kira Moris, can cikin Tekun Indiya gabas da Madagaska. Ƙaramar ƙasa ce, tsawonta bai fi kilomita 65 ba, amma duk inda ka waiga rake ne, daga bakin teku har gindin duwatsu.

Matsalar da baƙo irinmu ke fara cin karo da ita tana cikin takardun masu shirya yawon buɗe ido. Kusan kowace za ka ga an rubuta ɗanɗanon giya a ƙaramin gidan haɗa ta, sannan ziyarar matatar rum, wato giyar da ake yi da rake. Mutum na gani sai ya ce wannan ba tafiyarsa ba ce, ya koma bakin ruwa ya zauna. Ni kuwa ina ganin ya yi asara, domin kofin da ake miƙawa a ƙarshe shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da ke wurin. Gona, inji, wuta, tarihin waɗanda suka yi gumi, da sukari kala-kala da harshe zai bambance, duk naka ne. Ga yadda ake bi.

Da farko, daidaita tafiyar da lokacin saran rake

Ana saran rake a Moris daga wajen Yuni zuwa Disamba. A nan ne injinan matsa ke aiki, manyan motoci ke jigila a kan titi, iska ke ɗauke da zaƙi. Yuli zuwa Oktoba ya fi daɗi, saboda lokacin sanyinsu ne. Daga Janairu zuwa Maris akwai zafi da ruwa, kuma shi ne tsakiyar lokacin guguwar teku. In ka je lokacin, inji za ka tarar a tsaye, ana yi maka bayani da baki.

Ka ware kwana biyu. Wuri na farko, Beau Plan, yana arewa, na biyu, Chamarel, yana kudu maso yamma, kuma haɗa su rana ɗaya gajiya ce kawai.

Na biyu, faɗi matsayinka kafin ka biya kuɗi

Kada ka bari sai an ɗora maka kofi a hannu. Tun wajen yin magana da direba ko mai sayar da tikiti ka ce ba ka shan giya, ka tambaya me za a ba ka a madadinta. Ana jin Ingilishi da Faransanci, don haka ɗan Kano da ɗan Maraɗi duk ba za su rasa bakin magana ba. Da harshen Kiriyol da kowa ke yi a kasuwa cewa ake “Mo pa bwar lalkol.” Ba wanda zai yi maka kallon mamaki. Kusan mutum ɗaya cikin shida a ƙasar Musulmi ne, kuma babban masallacin Juma'a na Port Louis, babban birnin ƙasar, yana nan tun shekarun 1850. Akwai yiwuwar direban da ya ɗauko ka ma bai taɓa sha ba.

Na uku, fara da tsohuwar masana'anta ta Beau Plan

Kusa da lambun itatuwa na Pamplemousses akwai masana'antar sukari da ta daina aiki a 1999, aka mayar da ita gidan tarihi mai suna L'Aventure du Sucre. Ka ba shi awa biyu aƙalla, kuma ka je da safe kafin motocin baƙi su cika.

Kada ka ruga wajen injina. Tsaya ka karanta bangon farko, don shi ne zai sa sauran su yi ma'ana. 'Yan Holand ne suka kawo rake daga tsibirin Java na Indonesiya a 1639. Faransawa suka karɓi tsibirin a 1715, suka kafa masana'antu da ƙarfin bayin da suka kwaso daga Madagaska da Mozambik. Ingila ta ƙwace a 1810, aka soke bauta a 1835, sai masu gonaki suka juya Indiya suna ɗebo 'yan ƙwadago da yarjejeniyar shekaru, kusan rabin miliyan. Matattakalar da suka taka suka sauka tana nan a Port Louis, ana kiran wurin Aapravasi Ghat, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2006. Bayan na karanta wannan ne na fahimci tarin baƙaƙen duwatsu da nake gani a tsakiyar gonaki, wasu sun fi ɗaki tsawo. Hannu ne ya tsince su ɗaya bayan ɗaya don a samu wurin dasa rake. Tun daga nan ban ƙara wuce su ban duba ba.

Sai ka bi injinan yadda rake ke binsu. Ana sare shi, a kai shi matsa da wuri, domin in ya kwana biyu a ƙasa zaƙinsa raguwa yake. Manyan naɗaɗɗun ƙarafa su matse ruwan. Tuƙar da ta rage ba a zubar da ita: ita ake ƙonawa ta ba da tururin da ke juya masana'anta, har a sayar wa ƙasa rarar lantarki. Ruwan kuma a zuba masa farar ƙasa don datti ya kwanta, a dafa ya yi kauri, a ci gaba da dafawa a rufaffen kasko har ƙwayoyin sukari su fito. Daga nan sai injin da ke juyawa da gudu, irin na matse kayan wanki, ya ware ƙwayoyin daga baƙin maɗin da ke jikinsu. Riƙe wannan maɗin a ranka, shi ne mabuɗin mataki na gaba. Mai mazarƙwaila ba ya ware shi, shi ya sa tasa take ja da ƙamshi. Kusan tan goma na rake ke ba da tan ɗaya na sukari.

Na huɗu, ɗanɗana sukari da natsuwa

A ƙarshen zagayen akwai tebur da aka jera sukari sama da kala goma, daga ruwan zinariya zuwa kusan baƙi. Mafi yawan baƙi lasa ɗaya biyu suke yi su wuce wajen kwalabe. Kai nan ne wurin tsayawarka.

Ka zo da ruwan sha. Kada ka ci goro, ko barkono, ko ka sha kofi dab da shiga, kuma ka rage turare a ranar, don hanci ne ke yin rabin aikin. Fara daga mafi haske ka gangara zuwa mafi duhu. In ka fara da baƙin, ya rufe maka harshe, sauran duk za su zama abu ɗaya.

Ɗebi kaɗan, kamar rabin ƙaramin cokali, ka zuba a tafin hannu. Duba girman ƙwayar. Murza da yatsa: ya watse kamar yashi, ko ya dunƙule kamar jiƙaƙƙiyar ƙasa? Dunƙulewar alama ce ta yawan maɗi. Sansana kafin ka kai baki. Sannan ka ɗora a harshe ka bar shi ya narke da kansa, kada ka tauna, ka fitar da numfashi ta hanci. Kurɓi ruwa, jira kaɗan, ka matsa na gaba.

Demerara za ka fara haɗuwa da shi, mai manyan ƙwayoyi masu ƙyalli, sunansa daga wani yanki ne na ƙasar Guyana. Yana ɗan ƙaras a haƙori, zaƙinsa tsaf, shi ya dace da shayi. Muscovado mai haske laushi gare shi da ɗanshi, a bakina kamar alewar madara da ta ɗan kama. Muscovado mai duhu shi ya tsayar da ni. Na ɗora shi a harshe sai ga mazarƙwailar da ake saya mana muna yara, wadda muke gutsura da gefen haƙori, sai dai wannan ta fi laushi kuma tana da ɗan hayaƙi a ƙarshe. Na ƙarshe, mai maɗi sosai, har ɗaci-ɗaci yake da ɗan gishiri, ya fi kama da dabinon da ya daɗe a ajiye. Ba na lasa ba ne, na girki ne.

Ka rubuta abin da ka ji da kalmominka, ko a waya ne. Kada ka damu da sunayen da mai bayani ke kawowa na 'ya'yan itatuwan da ba ka taɓa ci ba. In ya yi maka kama da ɗinya ko nakiya, rubuta haka. Bayan kala shida harshe na gajiya, don haka in ka ji sun fara zama ɗaya, fita ka sha iska ka dawo. Mai ciwon sukari ya tsaya a kallo da sansanawa, zai samu fiye da rabin darasin.

A wurin nan ma ana ba da rum ɗanɗano. Ɗaga hannu ka yi godiya ka wuce, shi ke nan.

Na biyar, matatar Chamarel: san inda za ka tsaya

Rana ta biyu ka hau dutse zuwa Chamarel, kusa da wani fili mai ƙasa launi bakwai da magangarar ruwa da kowa ke zuwa gani. Hanyar tana da kwana-kwana, kuma a hagu ake tuƙi, gara ka ɗauki direba. In a cikin tawagarku akwai mai sha, kada a ba shi sitiyari a dawowa.

A nan zan faɗi gaskiya yadda na san ta. Malamai da yawa sun hana zama a teburin da ake zagayawa da giya, wasu kuma ba sa son a taka wurin da ake yin ta sam. In zuciyarka ba ta kwanta ba, tsallake wannan mataki, ranarka ba za ta lalace ba. Ni na zaɓi in ga aikin, in fita kafin a shiga ɗakin ɗanɗano.

Abin da za ka gani shi ne inda hanyar rake ta rabu biyu. Yawancin rum na duniya da baƙin maɗin nan ake yin sa, wato ragowar masana'antar sukari. Matatar nan ta Rhumerie de Chamarel kuwa da ɗanyen ruwan rake take yi, daga gonakin da ke kewaye da ita. Har zuwa matsa, ruwan halas ne, irin wanda kake saya a bakin titi. In ana matsa ranar, tambaya ko za ka samu kofi ɗaya, kuma ka tabbata ba a haɗa shi da komai ba. Daga nan ake zuba shi a manyan tankuna a sa yis, irin na burodi a aiki, ya cinye zaƙin ya mayar da shi barasa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Za ka ga saman tankin na kumfa kamar ana dafa shi, alhali babu wuta. Sai a kai shi tukwanen jan ƙarfe a ɗumama. Barasa na zama tururi a wajen digiri 78, ruwa sai ya kai 100, don haka ita ke fara tashi, a kama tururin a sanyaya ya koma ruwa fari tas. Launin ja da ake gani a wasu kwalabe daga gangunan katako yake zuwa, inda ake ajiye shi shekaru.

Sanin wannan ya amfane ni a gida. Ruwan rake ko zoɓon da aka bari a rufe cikin zafi ya fara tsami da kumfa, hanya ɗaya ya kama da ta tankin nan, kuma yanzu na san abin da kumfar ke nufi.

Ka sa rufaffen takalmi, ƙasan wurin na iya santsi, kuma kada ka taɓa bututu, wasu da zafi.

Na shida, gidan giyar 'ya'yan itace, ko shayi a madadinsa

Masu shirya yawo sukan haɗa Chamarel da wani ƙaramin gida mai suna Takamaka, kusa da tafkin Mare aux Vacoas, inda ake yin giya da lici maimakon inabi. Lici ɗan itace ne mai jan ɓawo da farin ciki mai ruwa, yana nuna a wajen Nuwamba da Disamba. Ziyarar wurin kusan duka ɗanɗano ce, don haka wanda ba ya sha ba shi da abin yi da yawa. Ce wa direba ya kai ka Bois Chéri, gonar shayi da ke aiki tun 1892. Za ka ga yadda ake shanya ganye, a murza, a busar, sannan a jera maka shayi ka ɗanɗana da tsarin nan na sukari: mai sauƙi kafin mai ƙarfi.

Na ƙarshe, abinci da tsaraba

A gidajen abinci na waɗannan wurare ka yi tambaya biyu kafin ka yi oda: wane nama ne, kuma an sa rum a ciki? Yankin Chamarel an san shi da naman barewa da na aladen daji, kuma ana zuba rum a miya, a kek, a soyayyiyar ayaba, har a askirim. Kifi da ganye sun fi sauƙi. A cikin gari kuwa abincin halal ba ya wuya, kuma dholl puri na bakin titi, wata lallausar waina ce ta wake da ake naɗe miya a ciki, ya isa ya riƙe ka har yamma.

Wajen tsaraba ma karanta jikin kwalba, domin wasu jam da cakulan akwai barasa a ciki. Sayi demerara don masu shayi, muscovado mai duhu don kunu da fura, ka naɗe kowanne a leda biyu kafin ka sa a akwati. Muscovado ba ya son busasshiyar iska: in ya sha hunturunmu zai daskare kamar dutse. In hakan ta faru, juye shi a kwano, rufe bakin da tsumma mai ɗanshi, ka bar shi ya kwana. Da safe za ka tarar ya saki, sai ka mayar da shi kwalba mai murfi ka ɗaure.