Yadda ake duba Toyota 86 ko Subaru BRZ ta hannu: wace ƙara ce halinta, wace ce ciwo

Toyota 86, Subaru BRZ da Scion FR-S mota ɗaya ce mai suna uku. A masana'antar Subaru da ke Gunma a Japan aka fara ƙera su a 2012: ƙofa biyu, injin FA20 mai lita 2.0 da silinda huɗu a kwance, ƙarfin doki 200, tayoyin baya ne ke turawa. Nauyinta wajen kilo 1,250 ne, kuma ba a kai ga haka ba sai da aka taƙaita soso da sauran kayan tare ƙara. Tun tana sabuwa mai surutu ce. Shi ya sa duk ƙarar da ka nuna wa dillali zai ce maka "ai haka suke". Wani lokaci gaskiya ya faɗa, wani lokaci kuwa kuɗin sabon inji ne ke kiranka. Aikinka shi ne ka raba biyun kafin ka biya.

Fara da lambar shasi, tun kafin ka je ganin motar

Ka nemi lambar nan mai haruffa da alƙaluma 17. Idan daga Amurka motar ta fito, saka ta a shafin NHTSA, hukumar kula da lafiyar motoci a titunan ƙasar, ka ga ko akwai gyaran kamfani da ba a yi ba, sannan ka nemi lambar a intanet, domin hotunan gwanjon Copart da IAAI sukan nuna yadda take kafin fanel bita ya taɓa ta. Wadda ambaliya ta ci, ƙyale ta.

Samfurin 2013 na da labari na musamman. A 2018 Subaru da Toyota suka kira su domin sauya sifirin ɗin bawul da ke iya karyewa. Gyaran na buƙatar buɗe gaban injin a sake rufe shi da gam, to inda aka zabga gam ya yi yawa, sai gutsattsarinsa su faɗa cikin baƙin mai su toshe ragar bututun da ke zuƙo mai daga kwanon ƙasa. Mai ya ragu, metal ya ci, inji ya buga. Saboda haka ko an yi gyaran ko ba a yi ba, ka sa a ciki cewa bakanike zai sauke kwanon ya duba ragar nan. Kuɗin wannan aiki ba ya ciwo idan ka gwada shi da kuɗin inji.

Tayar da ita da sanyinta

Ka ce kada a kunna ta kafin ka iso, kuma ka dafa bonet ka tabbatar. Ƙaramar ƙara "tik-tik-tik" mai sauri daga saman inji ta injektoci ce, halinta ne. Idan ta ɗumama tana silo, kana iya jin wani tsiwa kamar kukan gyare; famfon fetur mai matsi ne, yakan zo ya tafi gwargwadon man da aka sha, kuma ba ya kashe mota. Wadda za ka gudu saboda ita ita ce ƙara mai nauyi daga ƙasa, "ƙwal-ƙwal", wadda ke bin totur, ta fi fitowa idan ka ɗaga juyin inji zuwa 2,000 ko 3,000 a minti ka saki. Kada ka yi ciniki a kan wannan.

A sa na'urar sikanin, wadda ke karanto lambobin matsala daga kwamfutar motar. Lambobi P0016 zuwa P0019 suna nuna saɓani tsakanin kamshaf da kiranshaf, kuma motocin farko sun sha fama da su tare da rawar silo. Wasu sabunta kwamfutar motar ke magance su, wasu sai an sauya kaya. Ka duba ko ba a daɗe da goge lambobin ba, domin na'urar tana nunawa. Leƙa da tocila gefen murfin taimin da bayan kan injin ko akwai naso, ka kuma shinshina ƙaurin mai da ke ɗiga kan salansa. Tambayi wane baƙin mai ake zuba mata. Nata 0W-20 ne, kimanin lita 5.4. Idan aka ce maka 20W-50 ake ɗura mata kamar tsohuwar tasi, to ba a san ta ba, kuma mai kauri haka yana dagula na'urar da ke juya kamshaf.

Idan mai kuloci ce, bar ta a firi ka taka kulocin a hankali ka saki. Kuka ko gurzawa da ke sauyawa da motsin ƙafarka boris ɗin kuloci ne, kuma sai an sauke giyabos kafin a kai gare shi, don haka cire kuɗinsa daga farashi. Taurin shiga giya ta biyu da sanyi ba komai ba ne. Kartawa bayan ta yi zafi kuwa matsala ce.

Gwajin hanya, nan ne aikin yake

Kashe rediyo da iyakwandishan, rufe gilasai. Kana buƙatar kwalta mai santsi, kwalta mai kaushi, da wuri mai 'yan ramuka.

Gurnanin da ke cika ɗaki idan ka taka totur da gangan aka yi shi: akwai bututu da ke ɗauko sautin shaƙar iska daga inji ya shigo da shi ƙarƙashin dashbod, kuma ana iya toshe bakinsa. Sanyin jiki da za ka ji idan juyin inji yana tsakanin 3,000 da 4,500 shi ma haka injin yake, ba lalacewa ba ce.

Ruri daga ƙasa shi ne ya fi ruɗa mutane. Na taya yana sauya murya duk lokacin da kwalta ta sauya. Na boris ɗin ƙafa bai damu da kwalta ba, yana ƙaruwa da gudu, kuma idan kana kan kilomita 60 zuwa 80 a hanya marar cunkoso ka ɗan karkata sitiyari hagu da dama, za ka ji yana tashi a gefe ɗaya yana kwanciya a ɗayan. Da ka tsaya, shafa tafin hannu a kan tayoyin baya. Idan ka ji tudu da kwari ko gefen ciki ya cinye, shokazoba ta mutu, ko alaimen ya kauce, ko an taɓa dasa mata gajeren sifirin. Ainihin tayarta 215/45R17 ce a kan iska 35. An sa mai faɗi ko an cika iska, ƙara ta ƙaru.

Gilasan ƙofa ba su da firam. Idan ka ja hannun ƙofa gilashin yakan ɗan sauka, ka rufe ya koma ya matse roba. Tabbatar ɓangarorin biyu suna yin haka. Sa takarda tsakanin gilashi da roba ka rufe ka ja. Ta zare ba wuya, nan iska za ta riƙa fito a babbar hanya, ruwan damina ma zai bi. Idan gefe ɗaya kaɗai ke fito, duba tazarar ƙofar da fentinta, wataƙila ta taɓa shan duka.

Kwaramniyar baya yawanci mai arha ce. Fitar da jak da safaya, sa wani ya danne allon da ke bayan kujerun baya kana tuƙi. Ta yi shiru, ɗan soso ya ishe ta. Duka mai nauyi a kan rami kuwa na bushin ne ko shokazoba.

A ƙarshe ɗaga ta a gareji. Tsakaninta da ƙasa wajen santimita 13 ne, tudun rage gudu na titunanmu ba ya raga mata, don haka duba faifan ƙarƙashin inji da salansa. Matsin injin 12.5 ne, yana son fetur mai ƙarfi, kuma gurɓataccen mai zai sa shi ƙyal-ƙyal a hawa. Filogoginta suna matse da jikin shasi, sai bakaniken da ya saba da Subaru. Ka samo shi kafin ka saya.

Idan komai lafiya amma surutun ya dame ka, manna faifan roba mai tare ƙara a but, cikin ƙofofi da saman tayoyin baya, ka sa taya mai laushi. Zai ragu, ba zai tafi ba. Wanda Kano zuwa Abuja ce hanyarsa kullum kuma yana son hira a cikin mota, gara ya gwada Accord mai ƙofa biyu a rana guda ya kwatanta.