Kafin ka sayi lens na biyu, duba hotunan da ka riga ka ɗauka

Hoto ba sana'ata ba ce, sha'awa ce kawai. Shekara biyu na yi ina amfani da Nikon D3200 da idon kyamarar da ya zo da ita a kwali, wato lens mai 18-55mm, kafin na ƙara wani. Duk wanda ya tambaye ni wanne zai saya, nakan ce masa ya fara zama da hotunansa tukuna.

Buɗe su a kwamfuta, ka ware waɗanda suka ba ka haushi. Kowane hoto yana ɗauke da bayanin milimita nawa aka ɗauke shi, wato gwargwadon yadda lens ya jawo nesa kusa, da kuma buɗin lens a lokacin, wato girman ƙofar da haske ke shiga. Da na yi haka sai na ga matsalata kala biyu ce: hotunan cikin ɗaki duk sun yi duhu ko sun girgiza, na hawan sallah kuma dawakan sun fito ƙanana kamar awaki saboda nisa. Kowacce da maganinta daban.

Ta duhun ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, don ranar suna mata suna cikin ɗaki ne, kuma ba kowace mai jego ke son a haska mata filasha a fuskar jariri ba. Lens na kwali idan ka ja shi zuwa 55mm, buɗinsa ba ya wuce f/5.6. Mai f/1.8 kuwa yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan. Ka riƙe cewa ƙanƙantar lambar ita ce girman buɗin. Bayan haske, shi ne ke narkar da bayan mutum, fuska ta fito tas, tulin kwanukan da ke jikin bango su ɓace.

Amma wanne mai f/1.8 ɗin, 35mm ko 50mm? Ƙananan kyamarori irin tawa suna matse hoto: a Nikon ka ninka lambar sau 1.5, a Canon sau 1.6. Ke nan 50mm yana zama kamar 75mm ko 80mm. Yana da kyau ga hoton mutum ɗaya daga ƙirji zuwa sama, amma a ɗaki mai ƙafa goma sha biyu sai bayanka ya haɗu da bango ba ka kama mutum uku ba. Gwajin ba ya cin ko kwabo: tsayar da lens ɗinka na kwali a 35mm ka yini da shi ba ka murɗa ba, gobe ka tsayar a 50mm. Ni 35mm ya fi yi mini.

A nan na yi kuskuren da ba na so ka maimaita. Na fara sayen 50mm f/1.8D na hannu don ya yi arha, ya kuma ɗauru daidai, amma ya ƙi saita kansa don hoto ya fito sarai. Ashe jerin D3000, inda tawa take, da D5000 ba su da injin saiti a jikinsu, sai lens mai nasa injin, irin wanda aka rubuta wa AF-S. Masu Canon su ma su lura: lens ɗin da aka rubuta wa EF-S ba ya hawa manyan kyamarorinsu masu cikakken faɗi, sababbin marasa madubi kuma bakin RF gare su, sai da mahaɗi tsohon lens zai shiga.

Na nesa bai da wuyar zaɓi. 55-200mm ko 70-300mm a Nikon, 55-250mm a Canon. Nemi mai rage girgiza, VR ko IS a rubuce a jikinsa. Sai dai wannan hannunka kawai yake kwantarwa, ba ya tsayar da dokin da ya taho a sukwane wajen jafi. Don haka ka ɗaga saurin ɗauka zuwa 1/1000 na daƙiƙa, ranar Hawan Daushe akwai hasken da zai ɗauki nauyin hakan matuƙar ba a kai magariba ba.

Idan na hannu za ka saya, kada ka je sai da kyamararka. Cire murfin gaba da na baya, haska fitilar waya ta ciki. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kowane lens yana da ita. Abin gudu shi ne fumfuna, za ka gan ta kamar yanar gizo-gizo manne da gilashi. Ka gan ta, ka ajiye, ko nawa aka rage maka. Murɗa zoben ka ji ko yana cijewa, sannan ka ɗauki rubutun jarida a mafi girman buɗi ka zuƙo ka duba.

Da ka mallaki lens biyu, sauyawa ta zama aiki. Lokacin hunturu ba na canzawa a fili ko kaɗan. Nakan shiga mota ko zaure, in kashe kyamara, in kifa bakinta ƙasa, sabon yana hannuna a shirye kafin in cire tsohon.